Garin Tom Brown ga maijegon da ta rame: yana aiki, amma ba da cokali biyu ba

Ana gama wankan jego, a wasu gidajen sai a ga maijego ta yi ɓulɓul, a wasu kuma sai ka tarar zane ya ƙi zama a ƙugu, ƙashin wuya ya fito, zoben da ya matse yatsa lokacin ciki yanzu sai juyawa yake. Ga yaro ya yi kumatu, uwa kuwa kamar an tsotse rake. Daga nan surutu ke farawa: dangin miji su ce ba ta cin abinci, nata dangin su ce ba a ba ta. Masu sayar da kayan ƙiba kuma sun san wannan gaɓar sarai, shi ya sa tallan garin Tom Brown ya cika WhatsApp da Instagram da shagunan kayan yara, wani a leda, wani a roba mai murfi, wani ma an canza masa suna zuwa "garin ƙiba" ko "garin masu jego".

Hukuncinmu a kansa a taƙaice shi ne: haɗin kansa abin kirki ne, yana cikin mafi arha da mafi aminci da mai shayarwa za ta ƙara a kan abincinta. Matsalar tana wurin abin da ake ƙullawa a leda da kuma yadda ake damawa. Yawancin matan da suka ce sun sha bai yi musu komai ba, ruwa suka sha mai launin ƙasa.

Asalin haɗin abu uku ne: hatsi, waken suya da gyaɗa, kowanne a soye, a niƙa su tare. Ma'aunin da ƙungiyar Catholic Relief Services ta yi amfani da shi a arewa maso gabashin Nijeriya wajen ciyar da yara masu matsakaiciyar tamowa shi ne shida, uku, ɗaya: hatsi kashi shida, waken suya kashi uku, gyaɗa kashi ɗaya. Idan aka lissafa, giram 100 na gero yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 370 da furotin (sinadarin gina jiki) giram 11, waken suya kalori kusan 445 da furotin giram 36, gyaɗa kalori kusan 570 da furotin giram 26. Haɗin shida, uku, ɗaya zai ba da kalori ɗari huɗu da 'yan kai da furotin kusan giram 20 a kowane giram 100. Wannan ya ninka furotin ɗin gasarar koko, kuma wake yana cike giɓin da furotin ɗin hatsi ke da shi.

A lura da abu ɗaya: don yara aka tsara shi. Umarnin da ke jikin yawancin ledoji, na cokali biyu ko uku a kofin ruwa, na ɗan wata takwas ne. Babbar mace mai shayarwa lissafinta daban.

Jikin uwa yana haɗa nono kusan mililita 750 zuwa 800 a rana a watanni shida na farko. Rahoton haɗin gwiwar hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2004 ya sa ƙarin buƙatar mai shayarwa a kalori 505 a rana idan ta shiga jego da jikinta, 675 kuwa idan dama ramammiya ce. Wannan don kawai kada ta ci gaba da zubewa ne. In ana so ta murmure, sai an ɗora wasu 300 zuwa 500 a kai. Ke nan ana maganar ƙarin kalori 800 zuwa kusan 1,200 a rana a kan tuwo da shinkafar da ta saba ci. Cokali uku na gari a kofi bai wuce kalori 150 ba. Ko sau biyu aka sha, an ɗebo ruwa ne da rariya.

Damun da ke aiki

A ɗebi gari cokalin cin abinci biyar masu tozo, kusan giram 60. A kwaɓa shi da ruwan sanyi kaɗan har ya yi sumul, a sheƙa a cikin tafasasshen ruwa, jimillar ruwan kada ya wuce kashi biyu cikin uku na ledar fiya wata. A rage wuta, a yi ta juyawa minti bakwai zuwa goma. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, saboda hannu ya saba da koko da ake zuba wa ruwan zafi kawai a rufe. Tom Brown sai ya hau wuta, in ba haka ba zai yi gudaji, ya yi gafi, ya kumbura ciki. Bayan an sauke, a zuba madarar gari mai cikakken maiƙo cokali biyu masu tozo, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali ɗaya, da sukari ƙaramin cokali biyu. Wannan kofi ɗaya ya kai kalori 450 zuwa 480, da furotin giram 20 ko fiye. In babu madara, cokali ɗaya na man gyaɗa ko man shanu zai ba da kalori 100 zuwa 120, sai dai ba zai ba da furotin ba, don haka a haɗa da dafaffen ƙwai ɗaya.

Alamar kauri ita ce, in aka karkata cokali kunun ya sauko a hankali, ba ya tsiyaya ba. Wasu matan sukan ce mai kauri yana ginsarsu, ba sa iya shanyewa. Maganin wannan yana hannun masu kunun zaƙi tun da daɗewa, wato tsiro. A jiƙa gero kwana ɗaya, a shimfiɗa a buhu mai danshi kwana biyu har ya tsira, a shanya ya bushe ƙayau, a murje saiwoyin a sheƙe, a niƙa. Ƙaramin cokali ɗaya na wannan garin, in aka barbaɗa a kunu mai kauri bayan ya ɗan huce, cikin minti biyar zuwa goma zai tsinke ya zama abin kurɓa ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Sai a mayar da shi wuta ya yi tafasa ɗaya. In aka zuba tsiron kunu yana kan tafasa, zafi zai kashe aikinsa.

Lokacin sha ma yana da nasa tasiri. Kofi biyu a rana: ɗaya da hantsi, tsakanin karin kumallo da abincin rana, ɗaya bayan sallar isha'i. Wanda ake sha da dare yana da amfani musamman, domin yaro zai kwana yana tsotso, uwa kuma ba za ta sake sa komai a baki ba sai gari ya waye. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a mayar da kunun karin kumallo. Idan ya maye gurbin ƙosai da burodi ko ɗumamen tuwo, ba a ƙara komai ba, an yi musaya ne kawai. Haka nan kada a sha shi saura rabin awa a ci abinci, zai toshe cikin.

Yanzu a duba abin da wannan ke nufi ga aljihu. Giram 120 a rana kilo uku da rabi ne a wata. Ledar rabin kilo da ake tallata wa mutane a matsayin ta sati biyu, kwana huɗu za ta yi. Duk mai son kwatanta farashi ta lissafa kuɗin leda bakwai, ta ajiye kusa da kuɗin tiya ɗaya ta gero, rabin tiya ta waken suya da gyaɗa kusan rabin kilo, har da kuɗin niƙa da gawayi. A nan ne na saye ke faɗuwa warwas. Amfaninsa ɗaya shi ne sauƙi ga wadda ba ta da mai taya ta aiki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai ɗanyen goyo.

Yadda ake gane na kirki a leda

Waken suya da gyaɗa sun fi hatsi tsada, don haka inda ake ha'inci ke nan. A cika masara, a soya ta har ta yi duhu don launi, a sa wake da gyaɗa na shaida. A ɗebi garin a dunƙule a tafin hannu: mai isasshen wake da gyaɗa yana ɗan kama jikinsa, ya bar maiƙo-maiƙo a fata, wanda masara ta rinjaya watsewa yake kamar yashi. A ɗora ɗan kaɗan a farar takarda a danne na minti goma, mai kyau zai bar tabon mai. A ɗanɗana shi ɗanye. Gafi na nufin waken bai ji wuta ba, kuma ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, shi ke kawo kumburin ciki da tusa da gudawa. Ɗaci da ƙauri na nufin an ƙona. Warin tsohon mai da ke kartar maƙogwaro na nufin ya daɗe a shago. Ƙasa a haƙori kuwa, ba a rege geron ba.

Zaƙi ma abin zargi ne. Garin da aka riga aka zuba wa sukari, an sayar miki da sukari ne a farashin waken suya, kuma an hana ki iko da yawan abin da za ki sha. Na kamfani a duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi da jerin kayan da ke ciki. Na 'yar unguwa da ba shi da takarda, a tambaye ta ma'auninta kai tsaye. Wadda ta san aikinta za ta faɗa ba tare da in'ina ba.

Gyaɗa tana da nata haɗarin da ido ba ya gani bayan an niƙa. Wadda ta sha danshi a rumbu tana yin hunhuna mai fitar da gubar afulatokzin, mai cutar da hanta, kuma wani ɓangare nata yana bi ta nono ya isa ga jariri. Suya ba ta kashe ta. Hanya ɗaya ita ce tsincewa kafin a soya: a fitar da duk ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi, ta fashe ko ƙwari suka huda. Masara ma tana kamuwa da wannan fiye da gero, dalili ke nan da muka fi son haɗin gero. Mai sayen niƙaƙƙe ba ta da yadda za ta san ko an tsince, sai dai amana.

In za a yi a gida, aikin kwana biyu ne zuwa uku, kuma waken ne mai cin lokaci. A tsince shi, a jiƙa awa takwas zuwa goma sha biyu, a tafasa minti ashirin zuwa talatin, a murje ɓawon a cikin ruwa a tsiyaye, a shanya ya bushe sosai, sannan a soya a wuta marar ƙarfi har ya yi ruwan zuma. Gero a rege, a shanya, a soya sama-sama har ƙamshi ya tashi. Gyaɗa a soya a murje jan ɓawon. Kowanne a soya shi daban domin lokacin nunarsu ba ɗaya ba ne. A bari su huce kafin a kai inji, a kuma roƙi mai injin ya fara wuce ɗan hatsi, in ba haka ba kunun zai zo da yajin barkonon wanda ya riga ki. Kada a yi zarin gyaɗa wurin niƙa: in ta wuce ma'auni garin zai cuɗe ya liƙe a inji, kuma zai yi saurin lalacewa. Gara a ƙara ta a kofi. Citta da kanumfari kaɗan suna gyara ɗanɗano. A baza garin a tire ya sha iska, a zuba a roba mai murfi, a ɗiba da busasshen cokali, kuma kada a yi fiye da na wata ɗaya, musamman da bazara da damina.

Abin da ba zai yi ba

Ba maganin ƙarancin jini ba ne. Akwai sinadarin ƙarfe a gero da wake, amma hanji kaɗan yake iya ɗauka daga cikinsu. Matar da ta zubar da jini wurin haihuwa tana buƙatar ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a iya ci gaba da su sati shida zuwa goma sha biyu bayan haihuwa, tare da hanta sau ɗaya a sati, nama, kifi, ƙwai da kwaɗon zogale. A raba ƙwayar da kunun mai madara da kuma shayi da kamar awa biyu, a haɗiye ta da lemon zaƙi ko gwaiba. Lemon malt da madarar gwangwani da ake kai wa masu jego a matsayin ƙarin jini, galibinsa sukari ne. Daɗi ne da shi, amma jini ba daga nan yake zuwa ba.

Kuma ba kowace rama ce ta yunwa ba. Raguwar kilo biyar zuwa shida a ranar haihuwa, da wasu 'yan kilo na ruwa a satin farko da na biyu, wannan daidai ne. Abin dubawa shi ne wadda ta sauka ƙasa da nauyinta na kafin ciki kuma tana ci gaba da sauka. Mace mai tsawon mita 1.60 in ta gaza kilo 47 ta shiga sahun ramammu, haka ma wadda kaurin damtsenta ya gaza santimita 23 a tef ɗin da ake awo da shi a asibiti. Kafin a sayi ko leda ɗaya, a je a ga likita idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan. Bugun zuciya da sauri, rawar hannu, jin zafi da gumi alhali ana ci sosai: yana iya zama kumburin ƙwayar tayirod ta wuya, wanda ke samun kusan mace ɗaya cikin ashirin, galibi tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu bayan haihuwa. Tari fiye da sati biyu da gumin dare: a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyinsa na gwamnati a Nijeriya. Yawan ƙishirwa da fitsari: a auna sukari, balle wadda ta yi ciwon sukari na ciki, ita kam ko kunun ma ba sukari za ta sha. Gudawa da ta ƙi tsayawa, ko farin abu da ke fitowa a cikin baki, a yi gwajin jini. Wadda ta yi mummunan zubar jini sannan nono ya ƙi zuwa, ga kasala, ita ma ta likita ce. Sai wadda abinci ya fita ranta gaba ɗaya, ba barci, kuka ba dalili, ba ta jin daɗin ɗanta. Wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ana maganinsa, kuma tura mata kofi ana faɗa ba ya ƙara mata komai sai ƙunci.

Kumburi kuma ba ƙiba ba ne. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ciwon zuciyar masu jego ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken baya-bayan nan da likitocin Kano suka jagoranta ya fi nuna rama da ƙarancin sinadarin seleniyom da hawan jini na lokacin juna biyu. Ko ma wanne ne, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Maijegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi, ba murmurewa take ba, asibiti za a kai ta a ranar. Kada kuma a jefa kanwa a Tom Brown don a ce ya yi kama da kunun jego.

Abokan gasarsa a kasuwa

Dole a ambaci "sha ka fashe", domin da shi ake gwada kowane garin ƙiba. Iri biyu ne galibi. Na farko mai sinadarin da za a ga an rubuta cyproheptadine a kwali, irin su Super Apeti da Apetamin. Maganin borin jini ne, buɗe ciki illarsa ce ta gefe. Yana sa barci mai nauyi, yana iya rage ruwan nono, kuma takardarsa ta hana mai shayarwa sha. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan Apetamin a 2023. Uwar da ke kwana da jariri a gefenta ba ta da haɗi da maganin da zai sa a yi ta tashinta ba ta ji ba. Na biyu dexamethasone ne da danginsa, magungunan kumburi da likita ke rubutawa. Fuska ta yi fam kamar wata, ciki da doron wuya su tara kitse, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi nankarwa, sukari da hawan jini su tashi, garkuwar jiki ta yi rauni. Wadda ta riga ta yi makonni tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, hakan na iya kayar da ita. Likita ne zai rage mata a hankali.

Wannan ya shafi garin ma. Kilo ɗaya na tsokar jiki da kitse yana cin rarar kalori sama da dubu bakwai, don haka abinci zalla rubu'in kilo zuwa rabin kilo yake ƙarawa a sati. Duk garin da aka yi alƙawarin zai cika mace cikin kwana bakwai, ko wanda ana sha sai barci ya kwashe mutum, ko fuska ta kumbura kafin jiki, a ajiye shi, akwai alamar an daka wani abu a ciki. Hulba da ake yawan haɗawa ba ta kai wannan haɗari ba, amma hujjar cewa tana sa ƙiba ba ta da ƙarfi, tana iya saukar da sukarin jini, ta sa zawo, ga warinta a gumi. Ledar abincin tamowa mai giram 92 da kalori 500 da ake gani a wasu kasuwanni kuwa, ta yaran da ke bakin mutuwa ce aka karkatar. Cokali biyar na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ya kusa ba da wannan kalorin.

Fura da kindirmo da kunun gyaɗa mai kauri ba su gaza Tom Brown a kalori ba idan an yi su da kyau, kuma ya kamata a riƙa canzawa da su, domin baki yana gajiya da ɗanɗano ɗaya bayan sati biyu. Inda Tom Brown ya fi su shi ne furotin, da kuma cewa yana ajiye a roba, minti goma ya isa. Mai borin gyaɗa ta maye ta da riɗi.

Wurin auna ci gaba, a hau sikeli ɗaya, sau ɗaya a sati, da safe kafin a ci komai, da kaya marasa nauyi, a rubuta a bayan katin rigakafin yaro. Wadda ke neman kilo biyar ta sa ran wata uku zuwa biyar. In sati huɗu suka wuce ana shan kofi biyu masu kauri, ana cin abinci sau uku, allura ba ta motsa ba, kada a ƙara cokali, a koma asibiti da katin a hannu, a nemi gwajin jini, na sukari, na tayirod, har da na ciki, domin shayarwa ba ta hana wani cikin shiga idan yaro ya wuce wata shida, ko ya fara cin abinci, ko al'ada ta dawo.